Babi na Bakwai: Shingen Bakin Titi da Zaɓen Itacen da Ba Ya Zubar da Ganye

Gidan Bahaushe na asali bai taɓa barin idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida kai tsaye ba. Magina na dā sun san aikinsu. Ƙofar zaure ta waje tana fuskantar hanya, ta ciki kuwa an karkatar da ita gefe, sai mutum ya yi kwana kafin ya shiga, wani gidan ma sai ya ratsa soro biyu ko uku. A ƙauyen da babu halin gini, danga da zana ne ke yin wannan aiki. Uwargida ta yi daka, ta yi wanki ta shanya, ta shimfiɗa tabarma da yamma, ba wanda ya san wainar da ake toyawa a ciki. Addini ya ƙara wa al'adar ƙarfi, domin Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin a shiga gidan mutane, malamai kuma sun bayyana cewa saboda ido aka shar'anta hakan.

Yau gini ya sauya. Ana dasa gida a tsakiyar fuloti, a fasa masa manyan tagogi masu kallon titi, a sa get ɗin ƙarfe wanda da zarar an wangale shi don mota ta shiga, komai na ciki ya bayyana. Idan aka zo gyaran titi kuma, sai a yi ciko a ɗaga shi, gidan da dā yake daidai da hanya ya koma ƙasa da ita. Maganin da kowa ya sani shi ne a ƙara bulo: layi biyu, layi uku, a ɗora waya mai ƙaya ko fasassun kwalabe. Ido ya tsaya, gaskiya ne, amma iska ma ta tsaya. Katangar da ke fuskantar yamma tana wuni tana shan rana, da dare kuma ta yi ta fitar da zafi kamar murhun da aka sauke tukunya bai huce ba. Ba na ƙin katanga, kuma a zamanin nan na rashin tsaro ba zan ce wa kowa ya rushe tasa ba. Abin da nake cewa shi ne tsare ɓarawo daban, tsare ido daban. Aikin tsare ido, ganye ya fi siminti iya shi, muddin an zaɓi itacen da ya dace.

Kafin a je wajen masu sayar da dashe akwai aikin da ba ya cin ko sisi, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Nemi doguwar gora da mutum biyu su taya ka. Ka zauna daidai inda iyali ke zama, ko ka tsaya a bakin tagar da kake son karewa. Mutum ɗaya ya riƙe gorar a tsaye a kan layin da za a yi shuka, ɗayan ya fita titi ya tsaya inda jama'a ke bi. A ɗaura tsumma a jikin gorar, a riƙa matsar da shi sama har ya shiga tsakanin idonka da kan wanda ke titi. Inda tsumman ya tsaya, nan ne tsayin shingen da kake bukata. Idon babban mutum a tsaye yana wajen mita 1.5 zuwa 1.7 daga ƙasa, saboda haka inda gida da titi suke daidai, shingen mita 2 ya gama magana. Inda titi ya ɗara gida da rabin mita, sai a ƙara rabin mitar. Direban tirela zai hango ciki ko da hakan, amma shi wucewa yake yi. Idon da ke damun gida mai jinkiri ne: na mai tafiya a ƙasa, na mai jiran adaidaita sahu, na majalisar da ke zama a ƙofar shagon da ke tsallake.

Gorar nan za ta nuna maka wani abu kuma. Idan mai kallon yana sama, misali a benen maƙwabci, to duk yadda ka matso da kariyar kusa da wurin zamanka, haka tsayin da take bukata ke raguwa. Shingen kan iyaka ba zai tare idon bene ba sai ya zama kurmi. Rumfa, ko itace ɗaya mai faɗin kai a gefen wurin zaman, ya wadatar. Haka kuma ba dole ba ne a kewaye gaban gida kaf. Dabarar zaure tana aiki da ganye: a ja shinge mai tsawon mita 3 ko 4 daga ciki, tsakanin wurin ajiye mota da tsakar gida, yana fuskantar get. Ko an buɗe get ɗin an bar shi, idon waje a kan ganye zai sauka.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan gajeren itace ke nan. Itacen da iyakar girmansa mita 3 ko 4 ne, mutum yana tsaye a ƙasa da almakashi zai riƙe shi a mita 2 shekara da shekaru. Wanda halittarsa ta mita 15 ce kuwa, kowace damina sai an yi kokawa da shi, kuma ko an danne kansa, saiwarsa ba ta san da wannan yarjejeniya ba.

Sai babbar jarrabawa, wadda ita ce ta raba ƙasarmu da ƙasashen da ake rubuta yawancin littattafan lambu. A can sanyi ne ke tuɓe itace. A nan rani ne. Kano tana samun ruwan sama wajen milimita 800 zuwa 900 a shekara, Maraɗi wajen 500, Damagaram ƙasa da haka, kuma kusan dukkansa cikin wata 4 ko 5 yake sauka. Sauran watannin sai haƙuri. A watan Agusta kowane tsiro kore ne shar, kowane shinge cike yake, ba za ka iya bambanta na kirki da na banza ba. To amma yaushe iyali suka fi bukatar sutura a waje? Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗaki ya gagari kwana, mata da yara su fito da katifu tsakar gida. Shingen da ya zubar da ganyensa a wannan lokaci ya gudu ranar da aka fi nemansa. Don haka duk itacen da za ka zaɓa, tambayar farko ita ce: yaya kamanninsa suke a tsakiyar bazara?

Da wannan ma'auni, wasu tsofaffin abokanmu sun faɗi, duk da ina ganin girmansu. Aguwa ita ce sarauniyar shingen gona. Duk wanda ya bi burtali a ƙasar Kano ko Katsina ya gan ta jere dama da hagu, a Nijar kuma da ita ake ɗaure tudun yashi don kada ya ci gari. Ba ta da wahala ko kaɗan: a sare reshe a ƙarshen rani, a soka a busasshiyar ƙasa, ba ban ruwa ba komai, ruwan farko na sauka ta kama. Dabbobi ba su cika kula ta ba saboda nononta. Amma da kaka ta wuce sai ta kaɗe ganye, ta bar rassa masu toka-toka waɗanda ake hangen komai ta tsakaninsu. Tana tare saniya, ba ta tare ido. Bini-da-zugu ma haka yake, ga ƙarin haɗari: ƙwayarsa tana da daɗin tauna, yara na ɗaukar ta abin ci, alhali guba ce mai sa amai da gudawa mai tsanani. A bakin titin da 'yan makaranta ke bi, ban yarda da shi ba. Dashi ya fi su daɗewa tsirara. Zogale kuwa a shuka shi don miya da kwaɗo. Jikinsa siriri ne, ganyensa ba ya yin duhu, kuma mutane da awaki duk suna harinsa.

Idan aka ce in zaɓi ɗaya tak don gidan da ke tsakanin Zariya da Maraɗi, lalle zan ɗauka. Mun saba ganinsa a ƙafar amarya har mun manta cewa itace ne mai rassa da yawa tun daga gindi, wanda ke tsayawa a mita 2 zuwa 4 in ana kula da shi. Yana son zafi, yana jure ƙasa mara ƙarfi, yana karɓar aski ba gardama, kuma duk inda aka datse shi sai ya fito da rassa biyu ko uku. Idan ya manyanta ƙarshen ƙananan rassansa kan yi tsini, su hana kutse. Furensa ƙanana ne farare, da yamma ƙamshinsu ya cika gida. Ganyen da aka aske ba shara ba ne: a shanya a inuwa, a daka, ga lallen sallah da na biki. Aibinsa ɗaya ne, kuma gara a faɗe shi. In aka bar shi babu ruwa sam tsawon rani, zai rage ganye ya yi shara-shara. Amma abin da yake nema kaɗan ne, ruwan alwala da na ɗauraye kwano ya ishe shi ya tsaya kore har damina. Irinsa kuma ba sai an saya ba. Reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya da rabi, daga gidan maƙwabciya, a binne rabinsa a ƙasa mai danshi da damina.

Na biyu a wurina shi ne wani ɗan itace da masana tsirrai ke kira dodoniya, wanda aka daɗe ana shinge da shi a tsofaffin gidajen ma'aikata da makarantu a Arewa. Ana gane shi da ganye siriri dogo mai sheƙi, wanda in ka murza shi za ka ji ɗan danƙo a yatsa. Wannan danƙon ne ke taimaka masa riƙe ruwa, shi ya sa hunturu ba ya razana shi, dabbobi ma ba su cika son sa ba. Da ƙwaya ake shuka shi, a jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana kafin a zuba a leda. Lemun tsami shi ma shinge ne na gaske in an jera shi a tazarar mita 1 zuwa 1.5: ganye kore shekara duka, ƙaya mai hana haurawa, ga 'ya'ya. Sai dai shi ba ya wasa da ƙishi, don haka na mai rijiya ne ko mai burtsatse. Can arewa inda ruwa ya yi ƙaranci, jirga, wadda a Nijar ake ce wa dirga, tana yin shinge mai kyau da ƙananan ganyenta, in dai an kare ta daga awaki, don suna matuƙar son ta. Aduwa da anza su ne gwanayen riƙe ganye a tsakiyar fari, amma girmansu na hankali ne ƙwarai. Wanda ya tarar da su a filinsa kada ya sare, ya ja shingensa ya haɗa da su. A tudun Jos kuwa mutanen ƙasar sun daɗe da warware tasu matsalar da ƙerana, wadda ke kewaye gidaje da gonaki, kore rani da damina. Nononta dai mugu ne ga ido, ba abin da za a dasa inda yara ke ƙwallo ba ne.

Sai kayan masu fulawa na bakin hanya, waɗanda galibi baƙi ne. Bugenbiliya, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta zama 'yar gida, kuma tana da wata baiwa: da rani ta fi yin fure, lokacin da komai ya yi fari fat da ƙura. Tana da ƙaya, tana jure ƙishi in ta kafu, amma ba ta tsayawa da ƙafarta sai an ba ta abin hawa. Ga wanda ke da gajeriyar katanga yana tunanin ƙara bulo, shawarata ita ce ya kafa ƙarafa a kanta, ya ja waya layi uku, ya saki bugenbiliya ta hau. Mita ɗaya na ganye da fure a saman katanga ya fi layi huɗu na bulo sauƙin kuɗi, iska kuma tana ratsawa. Duranta, mai ganye ruwan ɗorawa da ake yi wa aski a gaban bankuna da otal-otal, tana jin daɗin Kaduna da Abuja da Jos inda ruwan sama ya haura milimita 1,000. A Sakkwato sai ta zama bawan ban ruwa, 'ya'yanta kuma ba na ci ba ne. Iksora mai jan fure gajera ce, mai jinkiri, ganyenta kan ɗashe a ƙasa mai kanwa. Ado ce, ba sutura ba. Dogon itacen nan siriri mai ganye a sunkuye, da masu fulawa ke kira maskwared, ɗan Indiya ne. Ba ya cin wuri a faɗi, amma yana wuce mita 10 a tsayi, don haka a duba sama tukuna ko akwai wayar lantarki. Akwai kuma mai furen rawaya mai siffar mazurari da siraran ganye, wanda ake yawan gani a harabar makarantu. Ba ya zubar da ganye, akuya ba ta taɓa shi, shi ya sa ake son sa. Dalilin da ya hana akuya shi ne dalilin da ya kamata ya hana mu: daga ganye har ƙwaya guba ce mai taɓa zuciya.

Mai sayar da dashe ya san abin da mai saye ke son ji. "Alhaji, ɗauki wannan, kafin baɗi ya rufe maka gida ruf." Sau da yawa gaskiya yake faɗa, kuma a nan matsalar take, domin itacen da ya yi mita 2 a shekara guda ba zai tsaya a nan don an gode masa ba. Mutanen Ingila sun ɗanɗana wannan da wani itace mai suna Leyland, wanda ke ƙara kusan mita ɗaya a shekara. Kowa ya dasa don ya ɓuya daga maƙwabci, bayan 'yan shekaru ya tare wa maƙwabcin rana, aka yi ta shari'a da gaba, har a 2003 majalisarsu ta saka a doka cewa ƙaramar hukuma na iya tilasta rage shingen da ya wuce mita 2 in ya cutar da na kusa. Konokarpus, wanda 'yan Sudan ke kira damas, duk wanda ya je Saudiyya ko Dubai ya gan shi jere a bakin titi, kore shar cikin hamada. Saiwarsa tana bin ruwa duk inda yake, ta shiga bututu da kwata. A 2023 jihar Gujarat ta Indiya ta hana renonsa da dasa shi. Prosopis, ɗan uwan ƙiryarmu da aka kawo daga nahiyar Amurka don tare hamada, ya mamaye gonaki da magudanan ruwa har a 1995 gwamnatin Sudan ta ba da umarnin kawar da shi, a gefen Tafkin Chadi ma ya cinye fili mai yawa. Dabbobi ke cin 'ya'yansa su yaɗa irin a kashinsu.

Dogon yaro fa? Ba mai musun alherinsa. Tun da aka shigo da shi Borno a 1928 ya zama inuwar Arewa, titunan Maiduguri shaida ne. A kwarin Maggiya da ke yankin Buza a jihar Tawa, tun 1975 ƙungiyar CARE da manoman wurin suka riƙa jera shi layi bibbiyu, tazarar mita 100 tsakanin jeri da jeri, don karya iskar da ke kwashe ƙasar gona, kuma ya yi aikin. Wurinsa ke nan: gona, fili, babban titi. Itace ne na mita 15 zuwa 20. Ana iya danne shi da aski ya zama shinge, amma ranar da mai askin ya gaji ko ya yi tafiya, zai miƙe, gindinsa ya zama fayau ana hangen ciki ta ƙasa, saiwarsa kuma ta nufi harsashin katanga da ramin sokawe. A fuloti mai ƙafa 50 a 100, guda ɗaya a kusurwa mai nisa da gini ya isa.

Zaɓe rabin aiki ne. Sauran yana ga yadda aka dasa. A haƙa rami dogo guda ɗaya a bi layin duka, faɗi da zurfi wajen rabin mita, maimakon ƙananan ramuka ɗai-ɗai. Ƙasar bakin titi galibi cike take da ɓaraguzan gini da jar ƙasar ciko, sai an tsince an gauraya da taki. Takin ya zama ruɓaɓɓe wanda ya kwana biyu. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. A bar aƙalla rabin mita zuwa mita ɗaya tsakanin shuka da katanga. Lalle da dodoniya a ba su tazarar rabin mita. In akwai wuri a yi layi biyu a saɓa, kowane tsiro na layin baya ya toshe ratar na gaba. Lokacin dashe kuwa shi ne sa'ad da damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don tsiron ya sami wata 2 ko 3 na ruwan Allah kafin a koma ga jarka.

Abin da ke da wuya a zuciya shi ne askin farko. Tsiro ya kai gwiwa, yana ta miƙewa, mai shi yana murna, sai a ce ya datse kansa. Dole ne. Wanda aka bari ya miƙe yadda ya ga dama zai yi tsawo da wuri, amma ƙasansa ya zama ƙafafu zalla, kaji da idon yara su riƙa wucewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A datse a gwiwa, ya yi rassa. In sun kai ƙugu a sake datsewa. Haka har a isa tsayin tsumman nan na jikin gora. Kuma a riƙa barin gindin shingen ya fi samansa faɗi kaɗan, don rana ta sami rassan ƙasa. Akasarin masu aski suna yin akasin haka, su bar sama da faɗi, ƙasa ta rasa haske ta mutu.

Ruwa kuma a yi lissafinsa tun kafin a fara. Gaban fuloti mai ƙafa 50 mita 15 ne. A cire mita 4 na get, saura 11. A tazarar rabin mita, tsiro 22 ke nan a layi ɗaya. In kowanne zai sha lita 5 sau biyu a mako a raninsa na farko, lita 220 ke nan, wato jarka 9 ta lita 25, ƙasa da kura ɗaya ta mai garuwa. Daga shekara ta biyu bukatar tana raguwa sosai. Gwamma a shayar da shi ya ƙoshi sau biyu a mako da a riƙa yayyafa masa kullum, don yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama. A rufe gindin da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa, ba tare da ya taɓa jikin itacen ba. Wanda ke da tsohon tulu ko tukunyar ƙasa ya binne ta har wuya tsakanin tsirrai, ya riƙa cika ta ya rufe bakin. Za ta riƙa tsatsar da ruwan a hankali daidai wurin saiwa. Ruwan wanki mai omo da yawa dai a kai shi wani wuri, gishirinsa na taruwa a ƙasa.

Duk wannan wahala akuya ɗaya tana iya share ta da hantsi guda. Da an kawar da amfanin gona aka saki dabbobi, babu koren abu a gari sai shingenka. A nan zana ke shigowa, kuma ina ganin an raina ta ba bisa haƙƙi ba. Zanar gamba mai kyau, a ɗaure ta a jikin dirkoki ta gefen titi, tana yin aiki uku a lokaci guda: ta tare ido tun ranar farko, ta tare akuya, ta kare ƙananan tsirrai daga iskar hunturu. Takan yi shekara 2 ko 3 kafin gara da ruwa su cinye ta, wanda shi ne daidai lokacin da lalle ke bukata ya kai tsayin mutum. A ɗaga ƙasanta kaɗan daga ƙasa, a nisanta ta da murhu da wurin ƙona shara. Wanda ya fi son abu mai ɗorewa ya ja wayar raga, ya bar soso ko waken gida ya hau ta da damina kafin shingen ya taso. Bulo mai huda-huda a saman katanga yana barin iska ta shiga, amma da dare in an kunna fitila a ciki, na waje yana gani. Kwanon rufi kuwa, wanda ake yawan kafawa don sauri, shi ne na ƙarshe a wurina: zafi, ƙara in iska ta taso, tsatsa, ga kaifin da ke yanka yara.

Kada a ɗora wa shinge abin da ba zai iya ba. Ƙura yana kama ta sosai, har binciken da aka yi a Jami'ar Surrey ta Ingila ya nuna cewa a bakin buɗaɗɗen titi, shinge mai duhu a daidai tsayin numfashin mutum ya fi dogayen itatuwa kaɗai rage hayaƙin mota da ke isa ga na bayansa. Wanda ya ga yadda ganyen bakin titi ke yin ja da hunturu ya san inda ƙurar ta tsaya. A riƙa watsa masa ruwa lokaci-lokaci ya wanku. Ƙarar mota ce ba ya iyawa. Hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa sai kurmi ya kai kaurin mita 30, mai duhun da ba a hangen bayansa, kafin ya rage ƙara da desibel 5. Wanda ƙara ta dama, katanga mara huda ce maganinsa, shinge ya biyo bayanta. Masu tsoron maciji da sauro kuma suna da hujja in an bar gindin shinge ya zama juji. Sauro a ruwan da ya kwanta yake haihuwa, maciji kuma ɓera yake bi. A share gindin, a hana ruwa kwanciya, a daina jibga shara a wurin.

Titi ma yana da haƙƙinsa a kanka. Gidan da ke kan kwana, in shingensa ya yi tsayi har bakin mahaɗa, mai babur ba ya ganin motar da ke tafe, direba ba ya ganin yaron da ya fito a guje. A irin wannan wuri a rage shi ƙasa da mita ɗaya, ko a ja shi baya, haka ma gefe da gefen get. Itace mai ƙaya kada rassansa su leƙa inda mutane ke bi. Makaho da mai talla da ɗalibi duk ta nan suke wucewa. Kuma shuka ta tsaya cikin iyakar filinka. Manyan hanyoyin gwamnatin tarayya a Najeriya suna da hurumin mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, titunan cikin gari kuma hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna ke faɗin nasu. Tambaya kafin dashe ta fi kallon katafila tana tuge aikin shekara uku.

Idan wannan babi ya same ka da rani, mai karatu, zagaya unguwarku a watan Afrilu ka ga shingen wa ke tsaye da ganyensa ba tare da famfo a gindinsa ba, ka yi sallama ka roƙi iri. Idan kuma ya same ka damina ta riga ta yi nisa, kada ka yi gaggawar dasa abin da rani zai tarar bai kafu ba. Kafa zanarka bana, ka haƙa ramin, ka zuba taki ya ruɓe, ka dasa a Yulin baɗi.